Lallen da Na Ƙunsa wa Malam

Yau kwana uku ke nan marka ta ƙi ɗaukewa. Ba wani ruwa ne na a zo a gani ba, yayyafi ne mai naci, irin wanda yake hana wanki bushewa, ya sa ashana ta yi ta gardama, gishiri ya koma ruwa a gwangwani. Ina zaune a bakin ɗaki ina tsinkar rama sai ga Lami maƙwabciyata ta faɗo gidan da buhu a ka. Ko gaisuwar kirki ba ta ƙarasa ba ta ce, "Inna, don Allah zo ki taɓa hannun maigidan nan. Tun da aka yi masa aiki a Kano wurin yake ɓari, ko barci yake ba ya dainawa."

Mijinta ciwon ƙoda ne ya kama shi bana, aka haɗa masa jijiyoyi biyu a hannu don a samu wurin da za a riƙa soka allurar wankin ƙoda. Na ce ta kwantar da hankalinta, ɓarin nan shi ake nema, ranar da ya tsaya ita ce ranar gudu asibiti. Sai kawai na ji bakina ya tambaye ta, ba tare da ya shawarce ni ba, "Wane hannun aka yi masa?"

Ta ce, "Hagu."

"Shi da wanne yake noma?"

Ta dube ni galala, ta ce, "Da dama mana, Inna."

Na ce to madalla, ta je, ina nan tafe in ruwan ya tsagaita. Ta fita. Ramar nan kuwa ban sake taɓa ta ba har aka kira la'asar.

Shekarar da ta dawo mini a rai, azumi a tsakiyar damina ya faɗo. Yaran da aka haifa lokacin yanzu su ne suke bin shanun huɗa. Kuma dole in fara da abin da ban taɓa faɗa a gari ba sai da mai shi ya bar duniya: Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, bahago ne.

Duk ƙauyenmu, nan tsakanin Gwiwa da Roni, babu wanda bai sani ba, kuma babu wanda yake faɗa. Yana yaro mahaifinsa ya ɗaure masa hannun da tsumma wata da watanni, a makarantar allo ma ya sha bulala a kansa, har ya koyi ci da rubutu da gaisawa da dama. Amma fartanya da gatari da lauje sun ƙi. Laujensa ma wani maƙeri ne a Roni yake ƙera masa na musamman, baki a juye, ya shigo da shi gida a cikin buhu. Ko kazar gidansa ba ya yankawa, sai ya aika da ita wurin liman, wai wuƙarsa ba ta ci. Wani baƙo ya taɓa ce masa a wurin gayya, "Kai, bahagon nan akwai sauri," da niyyar yabo. Malam ya ajiye fartanya nan inda yake tsaye ya kama hanyar gida. Ni ma sau ɗaya na tsokane shi ina amarya, ya yi kwana biyu bai ci tuwona ba, na kama kaina. Amma hannun nan shi ya ciyar da mu shekara talatin da wani abu, kuma ban ga wanda ya kama ƙafarsa a noma ba.

Ciwon suga ya daɗe da shi, yana shan magani in ya tuna. A bazarar shekarar ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ga amai, ga kasala, ko zaure ba ya iya kaiwa sai ya huta. Daga Kazaure aka tura mu Kano. Can aka ce ƙodojin sun gaji, sai dai inji ya riƙa wanke masa jini sau biyu a mako. Aka sa masa roba a wuya wadda ake jona injin da ita. Wai, Malam ya tsani robar nan. Ba wanka sai goge-goge, ba sunkuyo, ba a son gumi ya taɓa ta, kuma sau biyu ta sa masa zazzaɓin da har muka fid da rai. Da aka ce za a yi masa hanya ta dindindin a hannu a cire ta, ranar har waƙa na ji yana yi a turken shanu.

Abba ne ya raka shi, ɗanmu na fari. Sunan kakansa ya ci, ga shi ɗan fari, don haka ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban kuma taɓa zama mun yi magana ido da ido ba. In ina da saƙo gare shi sai in faɗa wa ƙanwarsa Binta, da take aure nan bayan masallaci, ko in faɗa wa bango yana ji. Uban ma haka, daga nan har Kano ba za su haɗa kalma goma ba. Yaran yanzu dariya wannan yake ba su. Na ga 'yar farin Binta, budurwa guda, tana kwance a cinyar uwarta suna kallon waya tare. Mu haka muka taso, kuma a lokacin ban ga aibun abin ba.

Abin da ya faru a ɗakin likita daga bakin Binta na ji shi, ita kuma daga bakin yayanta. Likitar mace ce, yarinya, ga ɗalibai tsaye a bayanta sun kai biyar. Ta sa Malam ya dunƙule hannu, ta danne wuyan hannun gefe da gefe har tafin ya yi fari, sannan ta ce ya buɗe, ta saki gefe ɗaya tana duban agogo. A dama nan da nan jini ya dawo, tafin ya yi ja. A hagu sai da aka jira. Ta maimaita, aka sake jira. Ta ɗora wani abu mai kama da alƙalami a kan jijiyar, kowa yana jin shuu, shuu, na dama da ƙarfi, na hagu can ƙasa-ƙasa.

Ta yi masa bayani da Hausa tsantsa, ba wanda zai ce bai gane ba. Ta ce in aka haɗa jijiyoyin, jini zai samu gajeriyar hanya ya riƙa juyawa tun kafin ya kai yatsu, to wani lokacin yatsun su rasa rabonsu. Mai ciwon suga, mai shekaru, shi ya fi shiga wannan haɗarin. Balle a hagunsa jijiyoyin wuyan hannu sun yi sirara, sai an hau gwiwar hannu, can kuwa jinin da ake karkatarwa ya fi yawa. Ta ce, "Baba, hannunka na dama ya fi lafiyar jijiya. Amma ba ma son taɓa hannun da mutum yake aiki da shi in akwai yadda za a yi. Da wanne kake noma, kake sara, kake ɗaukar kaya?"

Malam ya dubi ɗaliban nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Da dama."

Ta juya wurin Abba ta ce, "Haka ne?"

Abba ya sunkuyar da kai. Ya ƙaryata ubansa a gaban baƙi? Ya ce, "Haka ne."

Lami ta taɓa gaya mini su yanzu hoton jijiyoyin aka ɗauka duka hannu biyu, aka auna ƙarfin jini a kowane yatsa da na'ura, har ita aka kira ciki aka yi mata tambayoyi. Ni ranar da aka duba Malam ina gida ina surfe. Oh ni, da ina ɗakin nan wallahi da na faɗa, ko da zai shekara bai ci tuwona ba. Haka nake yawan cewa. Amma ku bari in ƙarasa, sai ku ga ko ina da bakin faɗar haka.

Aka yi aikin, Malam ya dawo da hagu a naɗe, Abba kuma ya dawo da saƙon likita. Ta ce kullum a duba yatsun. In sun yi sanyi, ko suka sage, ko suna zogi, ko aka ji rauni ya ƙi warkewa, kada a jira ranar wanki, a taho. Kada ya ɗauki nauyi da hannun, kada ya kwanta a kansa. Ta kuma koya wa Abba wata dabara: a danne farce har ya yi fari, a saki, a ƙirga kafin jan ya dawo. Abba ya gwada wa Binta a hannunta, Binta ta gwada mini a nawa. Ni ba agogo gare ni ba, sai na mai da ƙirgar tasbihi. A farcena kafin in gama "Subhanallah" ɗaya jan ya dawo.

Ruwan farko ya zo da wuri a shekarar, muka yi shuka da murna, sai sama ta ɗauke kusan mako uku. Rana ta buɗe, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, kullum hadari ya taso ta gabas ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi. Gero ya fito ya tsaya, ya murɗe, ya ƙone. Aka sake shuka da geron da muka ajiye don ci. An riga an kai bijimi ɗaya kasuwar Babura saboda zirga-zirgar Kano, ɗayan kuma ba ya jan garma shi kaɗai, yana turke yana kukan ɗan'uwansa. Noman farko mutanen gari suka yi mana gayya, Allah ya saka musu, muka dama musu fura da abin da ya saura. Malam yana zaune a gindin gawo da hannu a rataye yana kallon wasu suna yi masa noma, ko furar bai iya sha ba.

Kafin a ga watan azumi rumbu ya kai ƙasa. In na shiga sai in durƙusa in riƙa sharowa da tafi. Ruwa kuma ya dawo kamar da bakin ƙwarya, katangar bayan gida ta zube, ɗakin girki yana yoyo ta wuri uku. Ranakunmu iri ɗaya ne. Sahur da ɗumamen tuwon dawar da aka auno a kasuwar Gwiwa. Da hantsi ni da Binta mu shiga bayan gari roron tafasa da yaɗiya, ƙafa cikin taɓo, zani a jiƙe har gwiwa. Da azahar cikin mutum ya fara kiran sunansa, ga warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana ƙara tayar da yunwa. La'asar a hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi ya cika ido, a yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli, a dama kunun tsamiya tsararo wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa.

Malam tukunyarsa daban, ba gishiri, ba kanwa, ganyen ma sai an tafasa an zubar da ruwan sau biyu. An hana shi azumi, sai ya shige ɗaki ya tura ƙyaure ya ci loma uku kamar mai laifi. Ruwan sha ma auna masa aka yi da ɗan kofi. Mu ƙishirwarmu tana ƙarewa da kiran magariba, tasa ba ta da magariba. Na sha ganinsa tsaye yana kallon ruwa yana zubowa daga indararo.

Amma a cikin wannan wahalar akwai abin da har yau nake marmari, kuma ba na jin kunyar faɗa, na tsufa. Kullum in ya dawo daga masallaci gari ya yi haske, sai ya zauna a kan turmi a bakin ɗaki ya miƙo mini hannun. Shekara talatin da aure, 'ya'ya bakwai, ban taɓa riƙe hannun mutumin nan a tsakar gida rana na gani ba sai a daminar nan. Hannu ne mai faɗi, kanta ta cika shi, da wani tsohon tabo a gindin babban yatsa. In fara ɗora yatsuna a gwiwar hannun in ji ɓarin nan kamar ƙudan zuma a cikin amya, sannan in bi farata ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya kau da kai yana kallon kaji, ya ce, "Ta Roni, yau nawa likita ta samu?" Haka yake kirana, don daga Roni aka kawo ni. In ce biyu. Ya ce, "To a sake ni, ko sai an karya?" Amma ba ya janyewa sai na saki. Wani lokacin na gama ƙirga tuni, sai in sake farowa daga ƙaramin yatsa. Ya san na gama, bai taɓa cewa komai ba.

Lokacin maimai ya zo, wato noma na biyu. Kowa yana azumi yana fama da tasa gonar, kuma ba a kiran gayya sau biyu a damina ɗaya. Abba ga nasa iyalin da tasa gonar, ga kwana biyu da hanyar Kano take cinye masa duk mako. Ciyawar harkiya ta taso ta kamo gero. Malam ya ɗauki fartanya da hannun dama ya tafi. Ina roro a gefen gonar na hango abin da ya sa ni dariya da hawaye tare. Mutumin da ake tsayawa a kalla a gayya, ga shi yana nufar ciyawa yana sare gero. Kafin ya kai ƙarshen layi ɗaya ya kashe tushe bakwai. Ya tsaya ya dubi fartanyar, ya waiga ko akwai mai gani, ya mai da ita hagu. Na tsuguna a bayan kalgo har ya yi nisa, kuma ban taɓa ce masa na gani ba.

Daga makon ƙirga ta fara hawa. Uku. Huɗu. Lokacin an cire robar wuya an fara wankin ta hannun, kuma duk ranar da ya dawo daga Kano sai in ga ya cusa shi a hammata. In na taɓa yatsun in ji su sanyi ƙalau kamar jikin randa. Na ce, "Malam, hannun nan ya yi sanyi."

Ya ce, "Marka ake yi. Ke naki ɗumi ne da shi?"

Sai daga baya Abba ya gaya wa Binta cewa in suka hau mota a Kazaure uban ya kan nace sai gidan gaba, ya ɗora hannun a kan murfin inji har Kano, daga tasha kuma ya rungume shi a cikin riga, don ma'aikatan jinya su taɓa su ji ɗumi. In an jona shi da injin wanki gumi ya riƙa keto masa, a tambaye shi ko akwai ciwo, ya ce lafiya lau.

Ranar sha biyar ga azumi na ƙirga shida a ƙaramin yatsa da mai bi masa. Na kuma ga ƙaya ta soke shi a wurin har ta karye a ciki, bai ma sani ba. Na ce, "Malam, yau sai Kano."

Ya ce, "In na je me za su yi?"

"Su duba mana."

"Su toshe hanyar, su mai da ni robar wuya. Akwai wanda muke layi tare, haka aka yi masa. Da robar nan ba na iya sunkuyo, Ta Roni. Saura gonar gawo da rabin ta tudu, kwana goma ne. In ciyawa ta cinye geron nan me za ki sa a tukunya da rani?"

Na san gaskiya ya faɗa, don rumbun ni nake shigarsa.

Can ya ce, "Daka mini lalle. Tafin ya fara tsagewa."

Ba sabon abu ya roƙa ba. Manoma da yawa a nan suna sa lalle a hannu lokacin maimai, yana ƙarfafa fata yana hana tsagewa, kuma kowace damina ina yi masa. Amma sauran shekaru a tafi kawai nake shafawa. Ranar ruwa ya hana kowa fita. Na daka lallen na tankaɗe na kwaɓa, na zauna a gabansa ina shafawa. Da na zo gindin yatsu zan tsaya, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Har farata."

Na san abin da yake nufi, ya kuma san na sani. Farcen da ya sha lalle ba ya nuna fari, ba ya nuna ja. Ni ba zan iya ƙirgawa ba, na Kano ma ba za su gani ba. Na riƙe hannun ina jin sanyinsa ta cikin lallen. Na tuna rumbu, na tuna zazzaɓin robar nan, na ce a raina ai kwana goma ne, Allah zai rufa asiri. Na bi yatsun nan biyar na lulluɓe su har farata, na naɗe da ganyen kalgo da tsumma. Har tsokanarsa na yi, ko in ɗauko masa zunguruna na ƙunshi ya zura hannun, ya yi dariya ya ce in bar shi da mutuncinsa. Wannan dariyar tana ci mini rai in na tuna. Da hannuna na yi, ba wanda ya tilasta ni.

Lalle ya kama ja wur. Washegari bai zauna a kan turmi ba, ni ma ban kira shi ba. Ya gama gonar gawo, ya gama ta tudu, a kwana sha ɗaya. Gero ya samu iska ya miƙe, kore shar, ya fara fid da kai. Duk wanda ya wuce ta wurin sai ya ce Malam dai ciwo bai kayar da shi ba. A gida kuwa tazugen wandonsa yana gagararsa ɗaurewa, buta tana suɓuce masa. Yatsu biyun nan suka fara duhu. Na ce wa kaina lalle ne ya kama sosai a wurin, ai lalle in ya daɗe yana duhu. Kwana uku ina gaya wa kaina haka.

Saura kwana biyu salla ina wanke masa riga, na ɗago hannun rigar na ji wari. Duk wadda ta taɓa barin nama ya kwana a damina ta san warin nan. Na ajiye wankin, na yafa abin da hannuna ya kai, na fita cikin yayyafi har gidan Abba. Yana zaure yana gyaran babur. Na tsaya a gabansa na dubi tsabar idonsa, abin da ban yi ba tun yana goye, na ce, "Tashi ka kai ubanka Kano yanzu, kuma da ni za a je." Sifana ta faɗi daga hannunsa. Bai tambaye ni komai ba.

Malam bai yi gardama ba, noma ya ƙare. Muka hau babur zuwa bakin titi, muka samu mota a Kazaure. Ranar bai nemi gidan gaba ba.

Likitar ta ɗaga hannun ta ga lallen, ta dubi Malam, ta dube ni. Ta goga farcen da auduga, bai fita ba. Ta ɗora abin sauraron nan a kan yatsu biyun, shiru. Ta ce, "Yaushe ya fara?"

Malam ya buɗe baki, na san jiya zai ce. Na riga shi. Na ce, "Likita, mako biyu ke nan da na ƙirga shida. Ni na sa masa lallen. Kuma bahago ne, da hannun nan ya nome gona biyu."

Ɗaliban suna nan tsaye. Malam ya rufe ido. Na jira ta yi mana faɗa, da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta ce a hankali, "Baba, da ka gaya mini, a hannun dama zan yi maka, kuma da wuya a ce yau muna nan." Ta ce za a ɗaure haɗin yau ɗin nan don jini ya koma hannun. Yatsu uku suna da rai, biyu sun riga sun tafi, sai an cire.

Da aka fito da shi robar wuya ta dawo, hannun a naɗe, yatsu uku suna leƙowa. Na taɓa su na ji ɗumi, na fashe da kuka. Da ya farfaɗo maganar farko da ya yi da Abba ya yi ta. Ya ce, "Ina yatsun?"

"An ce za a binne su a nan, Baba."

"A'a, karɓo su. Ka kai su gida yau, ka sa su a maƙabartar garinmu. A can suka yi aiki."

Ni na riga na sa a raina ba zai ƙara kallona ba bayan abin da na faɗa a gaban mutane. Sai ya juyo da kai a hankali, don robar tana ja masa wuya, ya ce, "Ta Roni, daina kukan nan. Sun tafi su kama mini wuri ne."

Abba ya karɓo su naɗe a farin ƙyalle, ya sa a aljihun gaba, ya kama hanya. Mu a asibiti muka yi salla.

Geron shekarar ya yi kyan da ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ko sau ɗaya ban ji daɗin tuwonsa ba. Malam bai yanke ko zangarniya ɗaya ba. Yatsu uku ba sa riƙe ƙota, ya gwada, fartanya tana juya masa a hannu. Daga nan ya zama mai zama a gindin gawo, yana nuna wa jikoki inda suka bar ciyawa. Bayan kaka aka yi masa sabon haɗi a wuyan hannun dama, shekara huɗu yana aiki bai taɓa yin sanyi ba. Na duba farata na 'yan makonni, kullum ɗaya, kullum ɗaya, sai ya ce likita ta huta haka nan. Ban ƙara samun dalilin riƙe hannunsa ba, kuma ban iya riƙewa babu dalili ba.

Ya rasu da kaka, a gida, wata Laraba da hantsi. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Na ga an fita da shi ta zaure, iyakar abin da na gani ke nan. Duk kwanakin zaman makoki tambaya ɗaya ce take cina, kuma mutum ɗaya ne ya san amsarta, shi ne wanda ba na iya tambaya. Sau ɗaya na iya duban idon Abba, ban kuma iya maimaitawa ba.

Ranar bakwai, da mutane suka ragu, ya shigo cikin gida ya tsuguna a bakin ɗakina, ya mai da fuska wajen katanga. Ya kira Binta, alhali ina zaune taku biyu daga inda yake. Ya ce, "Binta, ki gaya wa Inna, dama na sa dutse a wurin da na binne yatsun. Nan na sa aka haƙa kabarin. Na same su, na mayar masa da su kusa da hannun."

Binta ta juyo za ta maimaita mini. Na ce, "Na ji."